Gilasan da Na Wanke wa Yaya Garba

Shekara talatin da huɗu ke nan da muka rufe yayana, Kofur Garba. Har yau in na ji warin maganin wanke ciwo na asibiti sai in waiga ƙofa.

Soja ne, amma ban taɓa ganinsa da bindiga ba. A ɗakin binciken cututtuka na sojoji yake aiki. Zamanin ina budurwa aka turo shi gida Anka ya bi rugagen Gummi da Bukkuyum, yana tsaga yatsa yana shafa jini a ƙananan gilasai, don a gano zazzaɓin da ke kwantar da masu kiwo duk damina. Wata biyu yana lallashi kafin Fulani su miƙa hannu.

Ranar da ya dawo ya shanya gilasan a ɗakin Inna, ya tafi masallaci. Ni kuwa na ga datti a kayan babban yaya. Na samo toka da ruwan ɗumi, na wanke su tas, har ina waƙa.

Ya daɗe tsaye a kansu. “Hajjo,” in ji shi, “mi kin ka yi?”

Kwana goma suka rage ya kai aikin barikinsu, in ya je hannu wofi wani za a ba wurinsa. Inna ta ce ya ce sun fashe a hanya. Ya ƙi. Ya koma ruga ya faɗa wa Arɗo gaskiya. Aka ce Arɗo ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Yarinya mai tsabta haka, nawa sadakinta?” Shi ya fara miƙa yatsa. Gaskiya dokin ƙarfe, sai ga layi.

Yanzu a kemis ake gwada jikokina, kafin shayi ya huce an ba da amsa. Nakan ga kamar Garba na jingine da kantar kemis ɗin, yana juya ɗan abin gwajin nan a tafinsa, yana tambaya ko an kai shi ruga.

Kafin ya koma bariki a wancan lokacin ya tsaga nawa yatsan, ya shafa jinin a gilashi, ya ɗora a madubinsa mai ƙara girman abu ya ce in leƙa. Na ga wasu jajayen duwatsun wuya birjik, kamar taurari sun sauka cikin rijiya.

Gilashin yana cikin kwallata. Komai na gidan nan ya sha wanki, ban da shi. Allah Ya jiƙanka, Yaya.