Madigadin Dama

Motar da marigayi maigidana ya bari ta girmi aurenmu. Ƙirar Faransa ce, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu, irin waɗanda yanzu sai a tsohon hoto ake ganinsu. Da ita ya yi shekara da shekaru yana jigilar mutane daga ƙauyukanmu na wajen Makoda zuwa kasuwar Ɗanbatta, da ita kuma ya kai ni asibiti haihuwar 'ya'yana uku, duka mata. Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi sai aka ajiye ta a kangon da ke jikin gidanmu, ta yi damina huɗu a wurin. Injin lafiyarsa ƙalau, don duk Juma'a yakan sa babbar 'yarmu ta tayar masa, shi kuma yana saurare daga ɗaki. Jiki kam tsatsa ta gama da shi. Bonet, wato murfin injin, ya zama rariya. Madigadin dama, wato ƙarfen nan da ke rufe tayar gaba, ya zube, saura ɗan guntu a jikin fitila.

Ina fita takaba aka zauna maganar gado. Tunda ban haifi namiji ba, yayan marigayi yana da rabo a abin da aka bari, kuma ban taɓa jayayya da wannan ba, hukuncin Allah ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ya yanke wa motar hukunci ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya ce gwangwan ce, a kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su sassare ta, kowa ya huta. Ina zaune a bayan ƙofar zaure, ban san lokacin da na ce ba gwangwan ba ce. Maza suka juyo suna kallon ƙofar, don ba a saba jin muryar mace a irin wannan zama ba.

Limamin garinmu, wanda shi ne mai rabon, mutum ne mai haƙuri. Ya ce maganar mai sauƙi ce. Idan mota ce, tana iya shiga rabon mutum ɗaya, ta zauna a gida. Idan ƙarfe ne, sai a sayar. Ya ba ni zuwa cirar gyaɗa, lokacin da za a raba gonaki, sai a duba ta. Yaya, haka nake kiran yayan marigayi tun ina amarya, ya yi dariya ya ce ya ƙara mini sati guda, sadaka.

Ni dai Allah ya yi ni da taurin kai, kuma ba na ɓoyewa. Wannan dariyar ce ta hana ni cin tuwo ranar. Washegari na sayar da tunkiyata, muka hau mota ni da babbar 'yata sai Kano. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, kuma ita ubanta ya koya wa tuƙi tun tana sakandare. Muka zaga masu kayan mota har ƙafafuna suka kumbura. Duk wanda muka nuna wa hoton a waya sai ya yi murmushi, ya ce an daina kawo kayan wannan tun kafin ya fara kasuwa. Wani mai walda ya ce zai iya buga mana da falanki, amma da ya nuna mini aikinsa na ga madigadin kamar murfin akwatin ƙarfe, sai na yi masa godiya.

A hanyar dawowa, wajen Ungogo, muka tsaya gun wani mutum da ke gyaran jikin a-daidaita-sahu da abin da ya kira faiba. Wani farin abu ne kamar tabarmar zare, na gilashi, ana shimfiɗa shi a kan mazubi, a shafe da ruwan gam mai kauri, a bari ya daskare. Ya miƙo mini wani yanki, na ɗaga da yatsa biyu, na lanƙwasa bai karye ba. Ya ce gam ɗin ba ya kamawa sai an ɗiga masa wani magani, kuma duk wahalar aikin a mazubi take. Ya tambayi wa zai yi mini. Na ce ni. Ya dubi hannuwana, ya tambayi sana'ata, na ce gidanmu ginin tukwane muka gada. Sai ya ce ai to na fi shi sanin rabin aikin, ya zauna ya koya mini sauran rabin har la'asar.

Da bonet na fara. Muka kwance shi muka shigo da shi tsakar gida, na toshe hujojinsa da yumɓu, na goge har ya yi sumul. Mutumin nan mai faiba ya ce a shafa wani kaki don kada gam ya manne wa mazubi, ni kuwa ban samu ba, sai na shafa man kaɗanya, ya kuwa yi. Na ɗauki mazubi a kan tsohon bonet ɗin, sannan na zuba sabo a cikin mazubin, shimfiɗa uku, ina dannawa da burushi don kada iska ta maƙale. Babu wanda ya gaya mini ƙaiƙayin abin. Zaren nan yana shiga fata, in yi wanka sau uku ina susa kamar mai ƙazwa. Warin gam kuwa har gida na uku, maƙwabciyata ta aiko ta ce kajinta sun daina ƙwai. Na aika mata cewa kajinta dama tun bara suke yajin aiki.

Damina ma ta ba ni nata darasin. Ranar da hadari ya haɗu gam ba ya bushewa, sai ya yi fari yana danƙo. Ranar da rana ta buɗe kuma, in na cika ɗigon magani, kafin in kai rabi ya daskare a roba har yana zafi. Na yi asarar roba biyu kafin na gane hantsi ne lokacinsa, kuma kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, kamar mai dama wa jariri koko. Ranar da na ɓamɓare bonet daga mazubi, na ɗaga shi ni kaɗai, abin da a da sai maza biyu. Na zagaya tsakar gida da shi a ka, 'yan matana suna ta dariya. Na ji daɗin da rabona da irinsa tun kafin rasuwar.

Wannan daɗin ne ya ruɗe ni. Na ce madigadi ai wasa ne. Na dama ya zube, amma ga na hagu nan lafiyarsa lau, sai na kwance shi na ɗauki mazubi a kansa. Sati biyu ina kai, ya fito kyakkyawa, har ya fi bonet santsi. Na ɗauka na fita kango da rana tsaka, da gangan, don mutane su gani. Na kara shi a gefen dama, ya ƙi zama. Na juya shi, ramin fitila ya koma wajen ƙofa. Na sake juyawa, bakin taya ya kalli sama. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: na hagu na kwafa, na hagu kuma na samu. Shekara arba'in ina gina tukunya da tulu da kasko, duk ta inda ka juya su ɗaya ne, ba su da hagu ba su da dama. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Yaya yana dawowa daga masallaci ya same ni a tsaye da abin a hannu. Ya duba, ya gane, ya riƙe ciki don dariya.

"Maman yara, motar taki ƙafar hagu biyu za ki yi mata?"

Kafin magariba gari ya ɗauka. A bakin rijiya, a wajen niƙa, har a gidan suna, ana cewa ga mai hagu biyu nan. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba na musu. Kukan baƙin ciki ne, don Yaya ya samu abin dariya kuma ni na ba shi da hannuna. Da na gama na wanke fuska, na je bakin fadama na haƙo yumɓu kwando shida.

Tunda babu abin kwafa, sai dai in gina. Na kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayin gero yadda Innata take yi wa manyan randuna don kada su tsage. Matsalar ita ce hannuna ya ƙi juya abin da idona yake gani. Duk in na kalli na hagu, na hagu nake ginawa. Kwana uku ina rushewa. Rana ta huɗu na sa aka fito mini da madubin sif ɗina na aure, na jingina shi da bango, na ajiye madigadin hagu a gabansa. Na juya wa na gaskiyar baya, na gina wanda ke cikin madubi. Awo kuma da kara da zare na yi, tun daga ramin fitila har zuwa bakin ƙofa. Ya sha iska kwana goma a inuwa, ina lulluɓe shi da buhu, sannan na goge shi da dutsen gugar tukunya har yana ƙyalli.

Wannan karon a kan yumɓun na shimfiɗa faiba kai tsaye. Da ya daskare na ɗauki taɓarya na farfasa ginin daga ciki. Ban taɓa fasa abin da na gina da gangan ba sai ranar. Aka kai shi jikin mota, ya shiga, sai dai wajen fitila ya ɗan buɗe baki kamar faɗin yatsa. Na cike, na goge da sanfefa har fatar yatsuna ta saɓule. Daga nan na bi ƙasan ƙofofi biyu da murfin but na bayan mota, duk inda tsatsa ta ci na yanke na sa nawa. Wani tsohon abokin marigayi, bakanike, ya zo ya huda ya ɗaure da noti, ya fesa fenti shuɗi irin na da. In mutum ya tsaya a gaba ya ƙura ido zai ga kuncin dama ya ɗan fi na hagu tudu. Ni na sani, kuma ban damu ba.

Ranar rabo, gyaɗa tana shanye a kowane fili, Liman ya zo da dattawa biyu. Yaya kuwa bai zo shi kaɗai ba, ya taho da mai sayen gwangwan, har da sikelinsa a bayan babur. Ko da ya ga motar a wanke tana sheƙi bai sauya magana ba. Ya ce fenti ne kawai, abin da mace za ta ɗaga da hannu ɗaya ba jikin mota ba ne. Na yafa mayafi na fito na tsaya a bakin kango. Zuciyata tana tafasa.

Mai gwangwan ya zaro mayen ƙarfe daga aljihu, wanda suke gwada kaya da shi. Ya ɗora a kan bonet, abin ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya manna a madigadin dama, ya sake faɗuwa. Ya gwada ƙasan ƙofa, ya gwada but. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ba kayanmu ba ne. Rabinta ba ya hawa sikeli."

'Yata ta shiga ta murɗa makulli. Motar ta tashi bugu ɗaya, ta fita daga kango da baya, ta je har gindin rimin bakin gari ta dawo, yara suna bin ta a guje. Liman ya ce shi dai mota ya gani. Ya tambaye ni ko na yarda ta zama rabona, in bar nawa kason na gonar bayan gari. Na san abin da nake bari, gonar da ta fi kowace ba da gero ce. Na ce na yarda, kuma har yau ban yi nadama ba, ko da yake akwai shekarar da na sayi hatsi a kasuwa.

Mutane suka watse, Yaya bai tafi ba. Ya zagaya ya tsaya a gefen direba, ya dafa ƙofar, ya daɗe yana kallon kujerar da ta lotsa daidai zaman ƙaninsa. Da ya yi magana muryarsa ba irin ta ɗazu ba ce.

"Sau biyar nake bi ta nan kullum in zan je masallaci. Duk sanda na wuce sai in ga kamar yana ciki. Ni so nake in daina gani."

Ya share ido da bakin rawani. Shekara talatin ina gidan nan ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar jana'iza. Tausayinsa ya kama ni, na ga watanni biyar ina faɗa da mutumin da ciwonmu ɗaya.

Na ce, "Yaya, ni kuma so nake in riƙa gani."

Na karɓi makullin daga hannun 'yata na ɗaure a bakin zanina. Tun daga ranar, ta bayan gidan mai unguwa Yaya yake zagayawa zuwa masallaci, hanyar da ta ninka wannan nisa, ga shi da ciwon gwiwa. Nakan hango shi daga zaure yana ɗingishi, raina ya sosu, amma ban matsar da motar ba.