Ranar da Kulu Ta Kira Sunan Mijinta

An haifi Kulu a Hillar Almu, wani ƙauyen Hausawa da ke arewa da garin Sinnar a ƙasar Sudan, a bakin babbar magudanar da ke kai ruwa gonakin auduga. Mahaifinta, Alhaji Jibirin, a goye aka zo da shi daga ƙasar Sakkwato. A nan ya yi wayo, a nan ya sami hawasha, gonar da hukuma ke yanka wa manomi. Da Sudan ta sami 'yancin kai aka shiga ba da takardar zama ɗan ƙasa, sai da ya yi sintiri har takalminsa ya gaji, amma gidansa ya samu. Kulu ba ta taɓa ganin Sakkwato ba, sai dai in ka ji Hausarta ka rantse jiya ta sauka daga can.

Gajeruwa ce, mai ƙarfin hannu. A tsinkar auduga takan bar maza a baya, man gyaɗarta kuwa har kasuwar Sinnar an san shi. Abin da Allah bai ba ta ba shi ne murya. In ta yi sallama a ƙofar gida sai masu gida su tambayi juna ko an yi magana. Mata kan tsokane ta su ce ta tara maganarta ne sai ranar lahira.

Mijinta Abdussalami da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa a 1951, yana nufin Makka. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, yankin gonakin audugar nan, ya tsaya tsinkar auduga a hawashar Alhaji Jibirin da niyyar kaka ɗaya. Kaka ɗaya ta zama biyu, ta biyun ta ƙare da ɗaurin aure. Mutum sama da ɗari suka shafa fatiha, aka raba dabino da goro, ba wanda ya tuna da wata takarda. Wa zai nemi takarda a kan abin da gari duka ya gani?

Shekara goma sha ɗaya suna tare, 'ya'ya huɗu, Kulu ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Haka ta tarar uwarta na yi, haka kakarta. In dole ta ambace shi sai ta ce Malam, ko mai gidan nan, ko kuwa "shi" kawai, kowa ya gane. Ɗansu na fari ma, Ali, wanda ya ci sunan surukinta, Babangida take ce masa. Ba wanda ya ɗora mata wannan da sanda. A wurinta kunyar nan ita ce girman auren.

A ranin 1964 labari ya zo cewa mahaifiyar Abdussalami na kwance. Ya bi motoci ya nufi yamma, ya tarar da ita da sauran numfashi, ta cika a hannunsa. Da ya juyo zai dawo sai ya tarar hanyar da ya bi da ƙafa yana saurayi ta tsiro ƙofofi. Ya yi fasfo, ya nemi biza, aka ce masa shi baƙo ne, in da gaske yana da mata 'yar ƙasa to ita ce za ta nema masa izinin ziyara daga can. Wasiƙarsa ta ajami ta yi wata uku a hanya.

Yayanta Abdulmuttalib ne ya raka ta ofishin shige da fice da ke birnin Madani. Suka tarar da wani afandi, wato ma'aikacin ofis, matashi, gashi a tsage, alƙalami uku a aljihu. Ya nemi gasima, takardar shaidar aure, aka ce babu. Ya ce to sai tambaya. Ya dubi Kulu ya ce, "Rajlik ismu minu?"

Larabci dai tana ji sarai. Sunan mijinta yake tambaya. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Abdulmuttalib ya buɗe baki zai amsa, afandi ya ɗaga masa hannu ya ce ba shi aka aura ba. Ya jira. Ba ta ɗago kai ba. Sai ya ga bari ya sauƙaƙa mata, tunda ko matan Larabawa kan ce uban wane, ya ce ta faɗi sunan babban ɗansa. Bawan Allah bai san daga rami ya jefa ta rijiya ba. Ya zaro hoton Abdussalami da aka aiko daga can ya tura gabanta. Ita Kulu, ta ƙura wa hoton miji ido a gaban yayanta? Ta kau da fuska ta dubi bango.

Kada a zagi afandin da yawa. Ya sha ganin matan haya da ake kawowa su yi wa baƙi shaidar zur, kuma a makarantar da ya yi ba a koyar da kunyar Hausawa. Ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Bayan mako biyu takarda ta iso, liman ya karanta a zauren Alhaji Jibirin. An hana. Dalili kuwa, mai nema ba ta san sunan wanda ta ce mijinta ne ba, ba ta san sunan ɗansa ba, ba ta gane hotonsa ba. Daga ƙasa an rubuta cewa in ba ta gamsu ba tana iya kai kuka gaban babban jami'i cikin kwana talatin.

Maza suka yi ta kumfar baki, kamar yadda suka saba in abu ya fi ƙarfinsu. Liman ya ce shi duk karatunsa bai ga inda Littafi ya hana mace faɗin sunan mijinta ba. Mata suka rabu biyu, wasu na cewa ta faɗa a wuce wurin, wasu na cewa bakin da ya faɗa sau ɗaya ya fashe ke nan. Kulu tana bayan zana tana jin su. Ba hanawar ce ta fi ƙona mata rai ba, kalmar nan ce, wai ba ta san sunansa ba. Sunan da take kwana da shi take tashi da shi! Ta aika wa mahaifinta cewa a rubuta ƙarar, za ta je.

Sai dai niyya daban, baki daban. Ta kulle kanta a ɗaki da hantsi ta gwada, harshe ya yi nauyi. Ta gwada a bakin turmi tana daka, ta gwada a tsakiyar gona inda ba kowa sai balbela. Da ta kama farkon sunan sai kunnenta ya ji, sauran ya maƙale. Kwana tara suka tafi a haka, tsoro ya kama ta sosai, don ta ga za ta rasa miji saboda abin da take yi don girmama shi.

Gwaggonta Habi, tsohuwa mai shan taba gari da ba ta ɓoye magana, ita ta gano bakin zaren. Ta ce, "Ɗiyar ga, bakinki ba shi da laihi, kunnenki na ɓarawon. Tahi inda ba ki jin kanki, ki hwaɗa."

"Ina na wurin, Gwaggo?"

"Ke dai ɗauko manki ranar kasuwa, mu tahi Sinnar."

Watan Agusta ne, kogin Nilu ya cika ya yi ja, an buɗe ƙofofin madatsar Sinnar. Kulu ta sha tsallake madatsar nan da tulun mai a ka, tana sauri, ba ta taɓa tsayawa ba. Ran nan gwaggo ta kai ta tsakiya, ta ce ta riƙe ƙarfe ta dubi ƙasa, ita kuma ta ja gefe can nesa ta zauna. Subhanallahi! Ruwan ƙasar Habasha duka ne ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙafafunta, yana fita da itatuwa ɗungurungum yana juya su kamar tsinken tsintsiya. Dutsen da take tsaye a kai rawa yake yi. Feshin ruwan ya jiƙa mata fuska, rugugin ya cika kai har tunani ya rasa wurin zama. Ta ga ƙanƙantar kanta, ta ga ikon Allah. Ta buɗe baki ta faɗa.

Ba ta ji komai ba. Ta dai ji shi a ƙirji da haƙora, ta san ya fita har ƙarshensa. Ta sake. Ta kuma sakewa.

Kasuwa huɗu suna zuwa. Kowane zuwa tana ƙara ƙarfi, don yanzu so take ta ji. A na huɗun ta tattara duk abin da ke cikinta ta kira, sai ta tsinci sunan siriri a saman rugugin ruwa, da muryarta. Ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba tun tafiyarsa, don sai a lokacin ta yarda wa kanta irin kewarsa da take yi.

Ranar ashirin da bakwai cikin kwana talatin ɗin suka cika bayan wata mota zuwa Madani, ita da Alhaji Jibirin da liman da Abdulmuttalib da dattawa bakwai da suka shafa fatihar auren. Wani mai rubuta ƙara da ke zama gindin dogonyaro a ƙofar ofishin ya tsara musu takarda. Babban jami'in dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya karanta, ya saurari shaidu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce duk ya ji, amma dukansu danginta ne da maƙwabtanta, kuma abin da aka rubuta a kanta ita kaɗai za ta goge shi. Kalma ɗaya yake so daga bakinta.

Abdulmuttalib ya roƙi alfarma a bar mazan su fita, don ba za ta iya a gaban mahaifinta ba. Jami'in ya yarda. Suka fita, ba su tsaya a baranda ba, suka tsallake fili har gindin dogonyaron nan, don dai su yi mata nisa. Aka ja ƙofa. Daga ita sai jami'in sai afandin nan mai alƙalami uku.

"Guli, ya bitti," in ji dattijon a hankali. Wato, faɗi, 'yata.

Kulu ta miƙe. Ta kama bakin tebur da hannu biyu, ta rufe ido. Hanya ɗaya ta sani ta faɗin sunan nan, ita ce wadda ta koya a kan madatsa.

"ABDUSSALAMI!"

Afandi ya yi baya da kujera har ya bugi bango. Ɗan sandan da ke gadi ya banko ƙofa da kulki a hannu. Masu buga tafireta a ɗakunan da ke jere suka tsaya cak. Ita kuwa baki ya riga ya buɗe, ba ta san yadda za ta rufe shi ba. "Abdussalami ɗan Ali ɗan Salihu! Mijina na! Uban Ali da Mairo da Talatu da Almu! Shekara goma sha biyu!" Sannan ta buɗe ido, ta ga inda take, ta ja mayafi ta rufe fuska duka ta zauna a ƙasa.

Jami'in ya dube ta. Ya ce a shekara talatin na aikinsa an rantse masa da Alƙur'ani, an yi masa kuka, ba a taɓa ba shi shaida irin wannan ba. Ya ja takarda ya sa hannu. Izinin ziyarar wata uku ne, amma ya ce in mutumin ya iso su je wurin alƙali a rubuta gasima, sauran zai zo da sauƙi.

A gindin dogonyaro kuwa, mai shayi ya ji, mai rubuta ƙara ya ji, masu jiran mota a tsallaken titi sun ji. Dattawa goma na zaune kowa ya sa ido a ƙasa. Alhaji Jibirin hawaye na bin gemunsa. Da ya hango 'yarsa ta fito, sai ya share fuska ya dubi liman ya ce, "Malam, kun ji wani abu?" Liman ya ce, "Mi anka yi? Ni ban ji komi ba." Sauran suka ce su ma haka. Har suka koma ga Allah ba wanda ya taɓa tada mata zancen.

Amma labari ba ya jin kunyar kowa. Abdussalami ya iso ana tsakiyar tsinkar auduga, kuma tun daga zangon Hausawa na Kosti ake nuna shi ana cewa ga mutumin da aka kira. A Sinnar wani mai jaki ya ƙi karɓar ladan ɗauko masa kaya. Da ya shiga gida, aka gama gaishe-gaishe da ta'aziyya, mutane suka watse da la'asar, ta kawo masa fura ta durƙusa ta ajiye, ido a ƙasa kamar kullum. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne.

Ya ce, "Kulu, an ce Madani duka ta ji. Ni da abin nawa ban ji ba. Ko sau guda?"

Ta tura masa ƙwaryar furar gabansa. Can ta ce, da 'yar muryar nan tata da sai an kasa kunne, "Wancan na hukuma na, Malam. Sha furarka."

Ya yi dariya har ta koma masa kuka, ita ma tana yi, ba wanda ya dubi wani. An rubuta gasima a makon. Bai sake tambayarta ba, ya zauna a Hillar Almu shekara goma sha biyu bayan nan, har ya rasu a ɗakinta a 1978, bai ji ba.