Riɗin Terkimbi da Masu Tambayar Farashi

Terkimbi ɗan ƙabilar Tibi ne, daga wani ƙauye a bayan Assakio. Ya taso a gonar riɗi, inda ake girbi da lallami don kada ƙwaya ta zube, kuma da wannan lallamin ya buɗe rumfa a kasuwar Lafia. Tun yana da buhu ɗaya tal, Hawwa mai kantun riɗi ce ke fara zuwa masa duk ranar kasuwa. Ta haife shi a shekaru. Idan ya cika mata mudu sai ya ƙara tafi guda na gyara, ita kuma ta ce, "Hannun nan naka kullum ƙanƙancewa yake, ɗan Tibi. Ba ka cin doya ne?"

A shekarar 2009 wani mai shagon intanet ya sa masa hoton riɗinsa da lambar wayarsa a shafin 'yan kasuwa. Saƙonni suka yi ta sauka kamar balbelu a bayan garke, daga Legas, daga Dubai, daga garuruwan da bai iya kiran sunansu ba. Kowa na tambayar farashi. Terkimbi ya sayi takalmi sau-ciki, ya ɗinke bakin buhunansa.

Da Hawwa ta zo da kwanonta, ko tashi bai yi ba.

"Mama, wannan kaya na fita waje ne. Na bar mudu-mudu."

Ta dube shi, ta dubi wayar da ke hannunsa, ta kife kwanon a ka ta wuce.

Masu tambaya suka ci gaba da tambaya. Wannan ya nemi ƙarin hoto, wancan ya ce zai kira bayan Sallah. Babu wanda ya zo ya kwance buhu. Damina ta ratsa rufin rumfar, riɗi ya soma warin fumfuna, ga sabo yana shirin shigowa daga Doma.

Ya ɗora buhun da ya tsira a kan acaɓa, sai gidan Hawwa. Ya tarar tana tuƙa kantu da riɗin wani. Ya durƙusa nesa da murhu, idonsa a ƙasa.

"Turawan naka sun ƙoshi?" in ji ta.

"Mama, ba su zo ba."

Ta sa ya auna mata mudu ɗaya, ta biya shi nan take. Ya ɗebo gyara da hannu biyu, irin wadda bai taɓa yi mata ba. Sai ta rufe bakin kwanon da tafinta.

"Mayar. Wannan ta kwastoma ce. Ni yau taimako na yi."

Ya kasa mayarwa, ya kasa miƙewa. Riɗin na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa, kajin gidan suna tsincewa.