Direban da Ya Lasa Allin Makaranta

Duk wanda ya san Malam Shu'aibu direba ya san ba ya yarda da abu sai ya lasa. Man birki, ruwan lagireto, sabon sabulu, kai har siminti na ga ya dangwala ya kai baka, ya ce wa magina, "Wannan na bara ne." Ku da tsufansa kuka tarar da shi. Ni kuwa tare muka yi aiki a kamfanin hanya, ina akawu kuma tafinta, lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a ɗauke mana sunan an ba sabon babban birnin ƙasa ba tukuna.

Wani injiniya ɗan Italiya yake tuƙawa, muna kiransa Mai Lofe. Yaransa biyu ne, mace da namiji. Malam ya raɗa musu Laraba da Ɗanlami, wai sunayensu na asali sun yi kama da na maganin tari. Kullum suna maƙale da shi, daga kasuwar Izom har tsakar gidansa. Ran nan Ɗanlami ya ture farantin taliya, ya ce da Hausa, "Ni tuwo nake so, da man shanu." Laraba kuma ta dubi ubanta ta ce, "Maigida, ka cika surutu." Aka aiko in zo in fassara. Da Uwargida, matar Mai Lofe, ta ji ma'anar, sai da ta nemi kujera. Nan take aka yanke shawara: makarantar kwana ta 'ya'yan Turawa, ko a Kaduna ko a Jos.

Muka fara da Kaduna. Shugabar makarantar, wata doguwar Baturiya, tana zagayawa da mu, sai ga Malam ya ɓullo daga wani aji, leɓe fari fat.

"Akawu, gaya wa Maigida allinsu lami ne. Karatun da aka rubuta da shi ba zai zauna a kai ba."

"Haba Malam! In faɗi wannan?"

"Faɗa mana! Ka ƙara da cewa tafkin nan da suke jefa yara a ciki, na kurɓa. Maganin wanki ne zalla. Yaran nan farare ne tun asali, me kuma ake so a wanke?"

A Jos kuwa ɓacewa ya yi. Aka duba kicin, don nan na fara zato, ba shi. Can muka same shi a ɗakin kwanan yara, ya ja bargo har ka, yana minshari. Na tashe shi, kunya kamar ta kashe ni.

"Gwaji nake yi," in ji shi. "Ni da nake babba gadon nan ya kayar da ni, ina ga yaro? Nan barci za su koya."

Shawararsa ita ce a sa su firamaren bayan kasuwa, wai hedimastan yana da bulala mai kyau. Uwargida ta zaɓi Jos.

Ranar tafiya an ɗaure akwatuna, mota ta ƙi tashi. Aka tura, aka kira makaniki, shiru. Malam yana gefe yana girgiza kai, "Kun gani? Ita ma ba ta yarda ba." Mai Lofe ya fito, Malam ya durƙusa zai gaishe shi, hula ta zame, filogin injin motar guda biyu suka gangaro har gaban takalmin Bature. Malam ya yi maza ya tsince su.

"Sanyi suke ji, ranka ya daɗe. Ɗumama su nake yi."

Shi ya kai su da kansa, a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. A hanyar dawowarmu ya faka a gefen titi, ya kifa kai a sitiyari. Wannan katon mutum, kuka wiwi! Shi da matarsa Inna Hajo Allah bai ba su haihuwa ba, kun sani.

"Akawu," ya ce, "wa zai riƙa ɓare musu rake a can?"

Allah ya jiƙan Malam Shu'aibu, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙe 'ya'yan wasu da zuciya ɗaya, Allah ya riƙe shi da rahamarsa. Amin.