Garba, wanda ya nemo ni a bakin kogin Bangkok

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye a ƙofar gidana a unguwar Badariya, sai ga kiran Sanusi daga Argungu. Ya ce, "Baba Umaru, Baba ya rasu bayan sallar asuba."

Na ce masa, "Wane Baba?" Wallahi haka na tambaye shi, alhali na san muryarsa, na san ɗan wa ne.

Alhaji Garba Augie. Abokina tun muna samari.

Har yanzu kaina bai dawo daidai ba. Na ɗauki makullin mota na ajiye ya fi sau uku. Ina jiran a zo a tuƙa ni, don ban yarda da hannuna ba yau.

Da yawanku kun san shi da noman albasa. Ni na san shi tun muna malaman gona, lokacin duk nan jihar Sakkwato ce. A shekarun ne aka tura mu kwas ɗin noman shinkafa a ƙasar Thailand, mu biyu. Da aka gama, saura kwana huɗu jirginmu ya tashi, masaukin kwas ya ƙare, guzurinmu kuma ya yi ƙasa sosai.

Ni na ce mu nemi ɗaki mu kulle kanmu har ranar tafiya.

Garba ya dube ni ya ce, "Umaru, munka taho tun daga Kabi don mu kwanta ɗaki? Tashi mu ga gari. Ƙahwa ba ta cin kuɗi."

Ya samo mana wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya, a gidan da Turawa masu goyon manyan jakunkuna ke sauka. Abinci ne ya fi damuna, don ban san me ke cikin tukwanensu ba. Sai ya hango wani tsoho da farar hula, ya ce mu bi shi. Muka bi bawan Allahn nan lungu-lungu har ya kai mu masallaci. A bakin masallacin wata mata mai lulluɓi ke sayar da shinkafa da kaza, da arha. Nan muka riƙa ci kullum.

A kasuwa kuwa, duk buhun shinkafar da ya gani sai ya ɗebo ya murza, ya sa a baki. Ya ce, "Ta yi ƙamshi, amma ba ta kai tamu ta Zauro cika ciki ba."

Rana ta uku muka shiga jirgin ruwan haya, irin wanda talakawan garin ke hawa kamar bas. Cunkoso ya raba mu. Da jirgin ya tsaya na ga ƙeyar wani kamar tasa ya sauka, na bi shi. Ashe ba shi ba ne. Kafin in juyo jirgi ya tafi.

Takardar adireshin masauki tana aljihunsa. Fasfo ɗina ma yana jakarsa. Ban iya karanta allo ko ɗaya ba, duk wanda na yi wa Turanci sai ya yi murmushi ya wuce. Gobe da safe jirgin samanmu zai tashi. Na zauna a kan katakon tashar, ni magidanci da 'ya'ya biyu, hawaye na zubo mini.

Tun hantsi har bayan la'asar.

Can sai na ji ana kwaɗa kira da Hausa daga kan ruwa: "Umaru! Umaru na Birni!"

Ashe tasha-tasha yake bi, ya sauka ya yi kira, ya sake hawa. Muryarsa ta dishe, silifas ɗinsa ɗaya ya tsinke, yana riƙe da shi a hannu. Bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka yi azahar?" Na ce a'a. Ya ce, "To taho."

Shekaru sama da talatin, bai taɓa ba kowa labarin kukan nan ba. Yau ni na faɗa da bakina.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makonni uku da suka wuce ne, a gonarsa. Lafiyarsa ƙalau a idona. Ya sa aka loda mini albasa a but ɗin mota, na ce ta yi yawa, ya ce, "Kai wa Hajiyarka, ba kai nib ba ba."

Jiya da la'asar ya kira ni sau biyu. Ina wajen ɗaurin aure, na ce in na koma gida zan kira. Na manta. Na tambayi Sanusi ko ya san abin da yake so ya gaya mini, ya ce bai sani ba. Shi dai ya ga Baba ya kira, ya ajiye waya, ya tafi alwala.

Ban san me zan yi da wannan ba.

Za a yi jana'iza bayan azahar a Argungu.

Allah Ya gafarta maka, Garba. Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya ba Hajiya Luba da yara haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki.