Irin Waken da Ya Tsira Daga Ruwan Tiga

Ina tsaye a Kwanar Dangora ana loda mini waken suya, sai wani dattijo ya miƙo mini ƙullin farin wake.

Na ce, "Baba, ai ni buhu nake saye."

Ya ce, "Ba na sayarwa ba ne, Alhaji, iri ne. Da shi muka fito lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu. Yarana duk sun koma waken suya, wai shi kamfanoni ke nema. Ni kuma ƙarfi ya ƙare. Ka shuka ko kunya biyu ce, kada ya ɓace."

Da gumina na tara abin da na tara, ba na karɓar kyautar kowa. Wannan kam hannu biyu na sa na karɓa.

A garinku akwai mai sauran irin kakanni kuwa?