Yadda Na Ɗauko Goggo Daga Kalgo

Shekarar da soja suka mayar wa farar hula mulki, yayana ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ya tafi Ikko. Bai daɗe ba sai ga shi a Gwandu, babu ko sanarwa. 'Yan jam'iyyarsu na majalisa za su zaɓi mai jan ragamarsu, wanda zai riƙa magana da yawunsu, kuma da yawa shi suke so. Shi kuwa ya rantse ba zai tsaya ba sai Inna, mahaifiyarmu, ta yarda.

To, ga inda gizo ke saƙa: shi ne ɗan fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Ni ce 'yar aike. Yana durƙushe a bakin ƙofa, tana ciki tana kaɗi, ina tsakani kamar bango.

"Ki ce ma wancan ban yarda ba," in ji ta. "Wancan karon da soja suka tashi, na gaba suka fara harbi."

Wallahi raina ya ɓaci! Mutum ya sha ranar ƙauyuka, muryarsa ta dushe wurin neman ƙuri'a, yanzu a ce ya koma kujerar baya? Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ce jibi zai koma ya janye.

Washegari na hau motar Kalgo na ɗauko Goggo, yayar mahaifinmu. Na san abin da nake yi sarai. A wurinmu, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban dangin miji. Abin kunya ne babba.

Goggo ta zauna, ta sha fura, ta goge baki, sannan ta dubi Inna. "Na ji an ce kin hana ɗanmu shugabanci. Ashe so kike mu san naki ne?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ni? Mi ya haɗa ni da shi? Ɗanku na, ku yi yadda kuka so."

"Ka ji dai," Goggo ta ɗaga murya, ta juya ga yayana da ke bakin ƙofa. "Tashi ka tai, Allah shi ba ka sa'a!"

Bayan an watse Inna ta kama kunnena ta murɗa, ta ce ni munafuka ce. Sannan ta ce in gaya masa ta yi masa addu'a, amma kada Goggo ta ji.

Ranar da aka sanar a rediyo cewa yayana ya ci, guɗa ta cika gidanmu, ni har da rawa a tsakar gida, ɗankwalina a hannu. Inna tana ɗaki, ko leƙowa ba ta yi ba. Da na shiga na tarar da mazarin kaɗinta a ƙasa, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta jawo ni kusa, ta leƙa ƙofa ko da mai ji.

"Ke, sake faɗa min," ta ce a hankali. "Mi suka ce ɗana ya zama?"